Yadda Ake Haɗa Amfilifayar Jita Mai Bawul a Shagon Ƙauye

Duk wanda ya daɗe yana gyaran rediyo a garuruwanmu na tsakanin Ringim da Taura ya taɓa cin karo da tsohuwar rediyon katako, irin wadda idan an kunna ta sai an ɗan jira kafin ta yi magana, idan kuma aka leƙa ta baya sai a ga wasu ƙwayaye na gilashi suna ja kamar garwashi. Waɗannan ƙwayaye su ne bawul. An tsotse iskar da ke cikinsu, an sa wani zare mai zafafa bututun da ake kira katod, wanda ke sakin lantarki ya tsallaka zuwa faranti, a tsakaninsu kuma akwai siririyar raga wadda ɗan ƙaramin motsin wuta a kanta ke iya rage ko ƙara abin da ke tsallakawa. Ta haka ne raunanan sauti ke zama mai ƙarfi. John Ambrose Fleming ne ya ƙera na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest kuma ya ƙara masa ragar a Amurka a 1906. Tun da aka ƙirƙiro tiransista a 1947 bawul ya soma ja da baya, har ya ɓace daga rediyo da talabijin, amma makaɗan jita sun ƙi rabuwa da shi, domin idan aka matsa masa fiye da ƙarfinsa ba ya fashewa da ƙara mai soke kunne. Dishewa yake yi a hankali, kamar muryar maroƙin da ya wuni yana kirari, kuma wannan dishewar ce suke nema.

Shawarata ga wanda zai fara ita ce ya bi tsarin ƙaramar amfilifayar nan ta kamfanin Fender da ake kira Champ, samfurin 5F1 na ƙarshen shekarun 1950. Bawul uku kawai take da su: 12AX7 mai ɗaga sautin jita, 6V6 mai tura lasifika, da 5Y3 mai miƙar da wutar gari ta koma irin ta batir. Ƙarfinta wat 5 ne, maɓallinta ɗaya ne, na ƙara murya, kuma ƙananan kayan cikinta ba su kai talatin ba. Kada a raina wat 5 ɗin nan, domin a kunnen mutum amfilifaya mai wat 50 ninki biyu kawai take yi mata a ƙara. Ba za ta riƙe filin biki ba, amma za ta cika zaure har maƙwabta su aiko a rage.

Kafin a taɓa komai, dole ne a san cewa a cikin wannan ɗan akwati akwai wuta miƙaƙƙiya ta kusan bolt 350, kuma tana iya kashe mutum. Abin da ya fi muni shi ne ba ta tafiya don an zare fulogi, domin manyan kondensa suna riƙe ta kamar yadda randa ke riƙe ruwa bayan an daina zubawa. Ni kaina na ɗanɗana wannan a wata tsohuwar rediyo da na zare tun kafin na tafi sallar azahar. Da na dawo na sa hannu zan gyara wata waya, sai na ji kamar an doke ni da taɓarya a gwiwar hannu, sukundireban da ke hannuna ya yi tsalle ya faɗa bayan benci, yatsana kuma ya kwana biyu da ɗan farin tabo. Wanda ya saba da gyaran wayar hannu da fitilar sola, inda wutar ba ta wuce bolt 12 ba, shi ne ya fi kowa shiga haɗari, saboda hannunsa ya saba da kai wa komai cafka. Saboda haka, tun kafin a sayi bawul, a haɗa abin zubar da wuta: rizista, wato ɗan abin nan mai rage gudun wuta, mai om 100,000 (masu gyara 100k suke cewa, haka zan riƙa rubutawa) mai ɗaukar wat 5, a ɗaura masa waya mai rufi da maƙali a kowane gefe. Duk lokacin da za a buɗe amfilifayar, sai a zare fulogi, a maƙala gefe ɗaya a jikin ƙarfen, ɗayan a kan ƙafar kondensa mai alamar ƙari, a jira, sannan a auna da mita har sai an ga wutar ta sauka ƙasa da bolt 10. Idan kuwa aunawa za a yi tana kunne, to, hannu ɗaya ne ke aiki, ɗayan yana cikin aljihu, ƙafafu suna cikin takalmin roba a kan busasshen katako, musamman da damina lokacin da daɓen shago ke yin danshi. Kada a yi aikin a kaɗaice, kuma kada a bar yara su kewaye benci.

Rizistoci da kondensa da dayod da dalma da waya duk ana samunsu a wurin masu sayar da kayan rediyo a Kasuwar Sabon Gari ta Kano. Abin lura kawai shi ne ƙarfin kondensa: manyan guda uku su kasance masu jure bolt 450, ƙananan guda biyu masu 0.022µF (µF ma'aunin girman kondensa ne) kuma su jure bolt 600 ko 630. Bawul ɗin kansu har yanzu ana ƙera su a Silobakiya da Rasha da Sin, kuma galibi sai dai a yi odarsu ta intanet tare da mazaunansu, mai ƙafa tara don 12AX7 da mai ƙafa takwas don 6V6. A lura cewa 12AX7 sunan Amurkawa ne. Turawan Yammacin Turai ECC83 suke kiransa, abu ɗaya ne.

Inda aikin yake da gaske shi ne taransifoma, kuma guda biyu ake bukata. Ta farko ita ce ta wuta. Yawancin waɗanda ake tallatawa don wannan tsari an naɗa su ne domin Amurka, inda wutar gida take bolt 120 mai juyi 60 a daƙiƙa, alhali tamu bolt 230 ce mai juyi 50. Wanda ya jona irin wannan a nan zai ga hayaƙi kafin ya ji sauti. Ko dai a nemi wadda aka rubuta 230 ko 240 a jikinta, ko kuma a kai wa mai naɗin koyil, wanda ba ya wuyar samu a kowane babban gari saboda injinan ban ruwa da fanka da sitabilaiza. Idan naɗi za a bayar, ni na fi son a manta da 5Y3 gaba ɗaya, a sa dayod 1N4007 a madadinsa, bibbiyu a jere a kowane gefe, domin suna da arha ƙwarai, kuma sun rage wa mai naɗi wahalar naɗin bolt 5 mai amfiya 2 da wancan bawul yake ci. A wannan hali sai a ce masa ya yi naɗin shiga na bolt 230, naɗin fita na 260-0-260, wato bolt 260 a kowane gefe na tsakiyar naɗin, mai ɗaukar miliamfiya 70 zuwa 80, da wani na bolt 6.3 mai amfiya 2. Wanda ya nace sai da 5Y3, nasa naɗin ya kai 325-0-325, domin bawul ɗin yana cinye wani kaso na wutar a hanya. Akwai lissafi mai sauƙi na sanin yawan zagaye: a auna faɗi da kaurin harshen tsakiya na ƙarfen a santimita, a ninka su, a raba 45 da abin da ya fito. Ƙarfe mai murabba'in santimita 10 yana bukatar zagaye 4.5 ga kowane bolt, wato kusan zagaye 1,035 a naɗin shiga. A tsaya a kan wannan lissafi, domin wasu masu naɗin sukan rage zagaye don tsimin waya, kuma taransifomar da aka rage wa zagaye zafi take yi ko ba ta ɗauki kaya ba. A kuma roƙe shi ya sa takarda mai kyau tsakanin naɗi da naɗi.

Ta biyu ita ce wadda ke tsakanin 6V6 da lasifika, kuma ita ce ruhin sautin. Bawul yana son ya ga nauyin kusan om 5,000, lasifika kuwa om 8 ce, don haka sai an sami naɗi mai kashi 25 bisa 1. Idan lasifikar om 4 ce, kashi 35 bisa 1. Wannan taransifoma ta bambanta da wadda masu naɗi suka saba da ita, saboda wuta miƙaƙƙiya ta kusan miliamfiya 40 tana ratsa ta kullum, kuma idan aka saƙa ƙarafunta ɗaya ta nan ɗaya ta can kamar yadda aka saba, sai ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu, kaurin sauti ya ɓace. Dole a jera masu siffar E duka a gefe ɗaya, masu siffar I a ɗaya gefen, a sa takarda siririya a tsakaninsu. Ranar da na bayyana wa wani dattijon mai naɗi haka, sai ya ajiye filayarsa ya dube ni ya ce, "Malam, shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa barin ƙofa a ƙarfe ba." Na ce, "Baba, a yi haƙuri a gwada mini, in ta lalace asarata ce." Ya yi, kuma ta yi aiki. Hanya mafi sauƙi duk da haka ita ce a nemi matacciyar rediyo mai bawul, irin su Grundig da Philips da har yanzu ake tarar da su a ɗakunan tsofaffi an ɗora musu kwanuka. Da yawansu bawul EL84 ne ke tura lasifikarsu, kuma taransifomarsu ta dace da wannan aiki kusan daidai. Shi kansa EL84 ɗin yana iya maye gurbin 6V6, amma jerin ƙafafunsa daban ne, wutarsa kada ta wuce bolt 300, rizistan katod ɗinsa kuma wajen om 150 ne.

Gangar jikin, wato ƙarfen da za a ɗora komai a kai, a sa maƙerin akwati ya lanƙwasa farantin alminiyam ko na ƙarfe mai ɗan kauri, tsawon kamar santimita 30, faɗin 12, zurfin 6; gidan tsohuwar sitabilaiza ma yana yi. A huda ramukan duka kafin a ɗaura komai, a goge bakinsu da zarto, a kuma sa zoben roba a duk ramin da waya za ta bi. Taransifomar wuta ta zauna a ƙarshe ɗaya, ramin da jita ke shiga da 12AX7 su zauna a ɗaya ƙarshen, 6V6 a tsakiya. Taransifomomin biyu kada ƙarafunsu su fuskanci gefe ɗaya. A juya ɗaya ta gicciye wa ɗayar, in ba haka ba ta wuta za ta riƙa zuba wa 'yar'uwarta gurnani.

A fara da ɓangaren wutar gari. Igiya mai waya uku za a sa, da fulogi mai ƙafa uku. Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, a ɗaure ta da nata ƙusa da noti a jikin ƙarfen, ita kaɗai. Waya mai rai ta bi ta fiyus mai jinkirin ƙonewa na rabin amfiya zuwa amfiya 1, sannan makunni, sannan taransifoma. A tsohon zanen haɗin wayoyi na Fender akwai wani ɗan kondensa tsakanin wutar gari da jikin ƙarfe; a tsallake shi, domin idan ya lalace wutar gari tsirkiyar jita za ta bi ta shiga hannun makaɗi. Tunda gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa ta gaskiya a bango, ya kamata a kafa sandar tagulla a bayan shago, a zuba mata gawayi da gishiri kamar yadda masu wayarin ke yi, a riƙa ba ta ruwa da rani.

Daga nan sai wayoyin zafafa bawul. A murɗa su biyu tamau kamar tufkar igiya, a kwantar da su a lungun ƙarfen nesa da hanyar sauti. Ana ƙirga ƙafafun mazauni ne daga ƙasa, ana bin juyin agogo, daga giɓin da ke jikin mai tara, ko daga tsagin tsakiyar mai takwas. A 6V6 wutar 6.3 tana shiga ƙafa ta 2 da ta 7. A 12AX7 kuwa ana haɗe ta 4 da ta 5 wuri ɗaya su karɓi waya guda, ta 9 ta karɓi ɗayar. Daga kowace wayar a sauke rizista mai om 100 zuwa ƙasa, wanda ke kashe yawancin gurnanin da masu farawa ke kuka da shi.

Babbar wuta kuma matakai uku take saukowa. Bakin dayod ɗin yana shiga kondensa ta farko, 33µF (idan da 5Y3 ne kada ta wuce 22µF), kuma daga nan taransifomar lasifika take sha. Sai rizista 10k mai wat 2 zuwa kondensa ta biyu, 10µF, wadda ke ciyar da ƙafa ta 4 ta 6V6. Sai rizista 22k zuwa ta uku, ita ma 10µF, wadda ke ciyar da 12AX7. A gicciya rizista 220k mai wat 2 a kan kondensa ta farko domin ya riƙa zubar da wutar da kansa bayan an kashe, amma kada wannan ya hana aunawa da mita, domin rizista ma yana mutuwa ba tare da sallama ba.

Hanyar sautin gajeriya ce. Daga ramin jita, rizista 1M, wato om miliyan ɗaya, ya sauka ƙasa, 68k kuma ya wuce zuwa ƙafa ta 2 ta 12AX7, a manna shi dab da ƙafar. Ƙafa ta 3 ta sauka ƙasa ta cikin 1.5k, wanda ke son ƙarin kaifi ya gicciya masa kondensa 25µF. Ƙafa ta 1 ta karɓi wuta ta cikin 100k, daga ita kuma kondensa 0.022µF ta kai sauti ga maɓallin murya mai 1M, wanda ƙafarsa ta tsakiya ke komawa ƙafa ta 7. 12AX7 bawul biyu ne a gilashi ɗaya, kuma rabinsa na biyu kwafin na farko ne: 1.5k a ƙafa ta 8, 100k a ƙafa ta 6, sai wata 0.022µF daga ta 6 zuwa ƙafa ta 5 ta 6V6, inda 220k ke sauka ƙasa. Ƙafa ta 8 ta 6V6 tana sauka ta cikin om 470 mai wat 5, tare da kondensa 25µF mai jure bolt 50 a gicciye a kansa, a ɗan nisanta su da juna saboda rizistan yana zafi. Ƙafa ta 3 tana zuwa taransifomar lasifika. Abu na ƙarshe shi ne rizista 22k daga wayar lasifika ya koma ƙafa ta 8 ta 12AX7, wanda aikinsa ladabtar da sautin ne. Wayoyin ƙasa kada a watsa su ko'ina a jikin ƙarfe. Na ɓangaren 12AX7 su taru kusa da ramin jita, na kondensa ta farko da tsakiyar naɗin 260 su taru kusa da taransifomar wuta. Dalma kuma a bar ta ta narke ta bi waya da kanta ta yi sheƙi. Wadda ta dunƙule kamar kashin awaki ba ta kama ba.

Ranar gwaji a yi ta da safe, ido na gani sosai, bayan an bi zanen da biro an soke kowace waya da aka tabbatar. A haɗa ƙwan fitila mai zare na wat 60 a jere da waya mai rai, tsakanin bango da amfilifaya. Irin na zamani marasa zafi ba sa wannan aiki; masu zaren sun yi ƙaranci, amma ana samunsu wurin masu kiwon kaji da ke ɗumama 'yan tsaki da su. A fara kunnawa babu bawul ko ɗaya: ƙwan zai ɗan haska ya dushe, sai a auna 6.3 a ƙafafun zafi, babbar wuta kuma wajen 360 ko sama kaɗan. Idan ƙwan ya tsaya da haske sosai, akwai inda waya ta haɗu, a kashe nan take. Idan komai daidai ne, a kashe, a zubar da wuta, a sa bawul, a jona lasifika. Kada a taɓa kunna amfilifaya mai bawul babu lasifika a jikinta, domin hakan yana ƙona taransifomar da aka fi shan wahalar samu. Bayan ta yi ɗumi ba tare da matsala ba sai a cire ƙwan a auna sosai. Ana sa ran ganin bolt 18 zuwa 20 a ƙafa ta 8 ta 6V6, wanda idan aka raba da 470 zai ba da kusan miliamfiya 40. Bolt 150 zuwa 180 a ƙafa ta 1 da ta 6 ta 12AX7. Da bolt 1 zuwa 1.5 a ta 3 da ta 8. Farantin 6V6GT wat 12 aka yi masa iyaka, don haka idan aka ga ƙarfen cikinsa ya soma ja, ba zaren tsakiya ba, a kashe, a ƙara rizistan katod, wato mai om 470 ɗin nan, zuwa om 560.

Idan tana kunnuwa ta fasa ihu mai tsini ko ba a taɓa komai ba, ba lalacewa ta yi ba. A musanya wayoyi biyu na shiga taransifomar lasifika, shi ke nan. Gurnanin da ke ƙaruwa idan an ƙara murya daga wajen ramin jita yake fitowa, wanda kuma ba ya sauyawa daga manyan kondensa ne ko daga zaman taransifoma.

Amfilifayar wat 40 ko kusa da haka take ja, don haka ƙaramin janareta ma ya ishe ta, sai dai a kunna janaretan ya daidaita kafin a jona ta, a kuma zare ta kafin a kashe shi. A auna wutar: idan ta haura 240 da yawa zaren bawul zai gajarta kwana, idan ta faɗi ƙasa da 200 sautin zai yi laushi, kuma sitabilaiza ce maganin duka biyun. Masu sola su duba inbatarsu, domin mai arhar nan da wutarta ke fita da kusurwa tana sa taransifoma zafi da zuza a lasifika. Sai wadda aka rubuta tana ba da tsantsar igiyar wuta irin ta gari.

Akwatin kuwa kowane kafinta zai iya, da katako mai kaurin kusan santimita 2, da lasifika mai inci 8 mai takarda, ba irin ta mota mai nauyin roba ba. A bar bayan a buɗe saboda zafi, tunda a watan Afrilu inuwa ma takan haura digiri 40 a nan, amma a rufe buɗin da ragar ƙarfe. Ban da yatsun yara, ragar tana tsare zanzaro, wanda ba abin da yake so kamar lungu mai ɗumi da zai gina ɗakinsa na laka, kuma laka mai danshi a kan ƙafafun da ke ɗauke da bolt 350 tartsatsi take jawowa. Da hunturu a riƙa lulluɓe ta da zane bayan ta huce, a kuma busa ƙurar ciki lokaci-lokaci, bayan an zubar da wuta.

A yankinmu masu gurmi da garaya sun fi masu jita yawa nesa ba kusa ba, kuma su ma suna iya cin moriyar wannan akwati. Abin ɗaukar sauti na jitar lantarki maganaɗisu ne, ba ya jin tsirkiyar da ba ta ƙarfe ba, saboda haka su sai a nema musu ɗan faifan nan na tagulla mai farin tsakiya da ke yin ƙara a cikin agogon tebur da wasu kayan wasan yara. A manna masa waya mai garkuwa, ta tsakiya a kan farin, garkuwar a kan tagullar, dalma kaɗan kuma da sauri don kada farin ya ɓare, sannan a liƙa shi a kan fatar kusa da jakin da tsirkiya ke hawa. Irin wannan faifai ya fi son nauyi mai yawa a bakin shiga, don haka idan sautin ya fito siriri babu kauri, a sauya rizistan 1M na ramin jita da mai 3.3M, makaɗin kuma ya zauna a gefen lasifika, kada ya fuskance ta, domin fatar gurmi tana saurin kama ƙarar da ke dawowa ta mayar da ita ihu.